Luba Mai Randa da Hannun Ɗan Farinta

Duk wanda ya sha ruwan randa a Birnin Damagaram a wancan zamani har sanyin ya taɓa masa haƙori, da wuya in ba randar Luba ba ce. Lubabatu ne sunanta na yanka, amma wa ke da lokacin jan suna? Luba Mai Randa ake ce mata daga Birni har Zango. Gajeriya ce, baƙa, mai faɗin tafin hannu, ba ta da yawan magana, in kuma ta yi ba ta maimaitawa. Tana gina tukwane da tuluna da kasake, amma randa ce ta fitar da sunanta. Fataken Kano ma, da ba sa yabon abin kowa sai na garinsu, sukan ƙwanƙwasa randarta da ɗan yatsa, su kara kunne, su ce, "To, wannan dai ba laifi." A bakin Bakano kuwa wannan babban kirari ne.

In ka yabi hannunta sai ta ce ba hannu ba ne, ƙasa ce. Bayan ganuwa, a gindin duwatsu, akwai wani tafki da ake kira Tafkin Magina. Da damina ya cika, da rani ya ja baya ya bar baƙin yumɓu mai danƙo a gefensa. A nan matan unguwar ke sauka da fartanya da kwando, su haƙa, su ɗauko a ka, su kwaɓa da dakakken tsingaro da ƙaiƙayi. Kakar Luba ta haƙa a wurin, uwarta ta haƙa. Da mijinta Idirisu majemi ya rasu ya bar ta da 'yan mata, yumɓun nan ne ya ciyar da su har ta kai kowacce ɗakinta. Ƙasar sauran wurare an sha gwada ta, tana fashewa a wuta. Ta Mirriya tana da kyau, amma tana da masu ita, kuma ba tafiyar mai kwando a ka ba ce.

Luba tana da ɗa namiji guda, shi ne kuma na fari. To, nan zancen yake.

Ku 'yan yanzu da kuke ɗaukar ɗan fari kuna cilla shi sama a gaban surukai, ba lalle ku gane ba. A zamanin Luba mace mai mutunci ba ta faɗin sunan ɗan farinta, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye. In yana kuka a gaban mutane sai wata ta ɗauka. Ana yaye shi aka miƙa shi ga ƙanwar ubansa, Rakiya, da ke aure a garin Dogo. Alkasum aka raɗa masa, amma sunan bai taɓa fitowa daga bakin Luba ba. In ta kama dole sai ta ce "wancan na Dogo." Ba ƙi ba ne, wallahi. Ranar da aka tafi da shi ta zagaya bayan ɗaki ta yi kuka har ta gode Allah, sannan ta wanke fuska ta dawo ta ci gaba da kwaɓa yumɓu, don kada a ce ba ta da kunya.

Da kumandan, Nasaran da ke mulkin Damagaram, ya aika Dogo a ba da yara lakwal, wato makarantar boko, mai garin ya dubi nasa 'ya'yan ya ga duk yana son abinsa, sai ya dubi gidan da ake riƙon ɗan wani. Haka Alkasum ya shiga karatun Nasara, daga Damagaram zuwa Yamai, daga Yamai zuwa can bakin teku. Ya dawo da tabarau da wando mai kari, ana ce masa Mushe, wato malam da faransanci, yana koyar da yara. Duk sanda ya zo gaisuwa sai ya tsuguna a bakin ƙofa ya ce, "Iya, ina kwananku?" Ita kuma ta juya fuska ta amsa wa bango, "Lafiya." In akwai wata magana, ta hannun Rakiya take bi. Luba na son sanin ko yana cin abinci, Rakiya za ta tambaya. Shi yana son ba ta turmin zane, Rakiya zai ba. Da haka aka zauna shekara da shekaru, ba wanda ya ga aibu.

Shekarar da aka ce mata ma su fito su jefa ƙuri'a, jam'iyyar Alkasum ta tsayar da shi konseye, wato wakilin da zai je majalisar Yamai ya zauna da sunan mutanen Damagaram. Luba ta bi layi da sauran mata, ta jefa, ta kamo hanyar gida shiru. Ƙawarta Zara, wadda suke haƙa rami ɗaya tun suna 'yan mata, mace ce da bakinta ba ya hutawa sai in tana barci. Ita ta tsare ta a hanya.

"Ke Luba, wa kika ba?"

"Takarda aka miƙo mini na jefa."

"Ji ta! Kai, masu kunya kun iya rainin hankali. To ya ci, sai ki sa kai cikin randa ki yi guɗarki inda ba mai ji."

Ya ci kuwa. Ba a jima da wannan ba, wata safiya magina suka sauka tafki suka tarar an kewaye shi da turaku masu jan fenti. Wani gardi, mai tsaro na gwamnati, yana tsaye, ya ce umarni ne daga wani biro, wato ofis, a Yamai: tafkin yana tara sauro, za a cike shi. Zara ta ce sauron Damagaram ya girmi biron da mai biron, kuma bai taɓa kai ƙarar kowa ba. Gardin ya ce shi dai an aiko shi ne.

Daga nan aka shiga yawo. Mai unguwa ya ce su je fada. A fada aka karɓe su da mutunci, aka ce Allah ya ba da haƙuri, abin ba a hannun nan yake ba. Tafintan kumandan ya ce shi kansa kumandan karanta takardar ya yi kamar kowa. Akwai majalisar dattawan gari da ke zama lokaci-lokaci, amma shawara kawai ake neman ta da ita, ko akuya ba ta isa ta sa a kwance ba. Kowa suka taɓa sai ya nuna yamma da leɓe. Yamai kuwa tafiyar kwanaki ce a kamyo, babbar motar kaya, kuma ko ka je ba ka san ƙofar da za ka buga ba.

Inusa direba ne ya kawo musu ɗan haske. Ɗan unguwar ne, shi ke kai wakilan gabas Yamai ya dawo da su, kuma in ana zama yakan leƙa ta taga tare da sauran direbobi. Ya zauna kan turmi a tsakar gidan Luba ya yi musu bayani.

"Akwai maganar da ke gaban majalisa," in ji shi. "Ana so kowace ƙasa, irin tamu ta Damagaram, a ba ta majalisarta mai iko na gaske, ta riƙe tafkunanta da rijiyoyinta da kasuwanninta. In ta wuce, zancen tafkinku a nan garin za a yanke shi, a gaban mutanen da ke shan ruwa a randunanku. Wane dattijo ne zai ce a cike shi ya koma gida matarsa ta ba shi tuwo? Kuma na ji ba za a zuba ko kwando ɗaya ba sai an ga inda maganar ta kwana."

"Yaya ake yanke ta a can?" Zara ta tambaya.

"Ba akwati, ba ɓoye-ɓoye. A ce wa ya yarda, a ɗaga hannu, a ƙirga. A ce wa bai yarda ba, a ɗaga, a ƙirga. Kowa yana ganin kowa."

Duk matan suka juya suka dubi Luba. Ita kuwa tana gyara bakin wani tulu da jiƙaƙƙen tsumma kamar ba da ita ake ba. Amma ranar kasuwar Dogo ta ɗora kaya a jaki ta tafi, ta zauna da Rakiya a inuwar rumbu, ta zazzage mata komai. Rakiya ta ce, "Bar mini shi. Ni na goya shi, na san inda ake taɓa shi."

Zaman farko da aka kawo maganar, Alkasum ya miƙe ya yi jawabi. Inusa ya dawo yana kwaikwayonsa a tsakar gida, hannu ɗaya a ƙugu. Ya ce ya zuba faransanci har Nasaran da ke wurin suka ajiye alƙalami, ya ce mutumin da bai taɓa ganin tafki ba bai kamata ya yanke masa hukunci daga nesa ba, kuma da aka zo ƙirga hannunsa ne ya fara tashi. Sai dai hannuwan ba su kai ba. Aka ce a kai maganar komisiyo, wanda Inusa ya ce ɗaki ne da ake shimfiɗa wa magana tabarma ta yi barci. Duk da haka mata suka yi guɗa, don turakun suna nan amma ba a zuba komai ba. Luba kuwa ta koma wajen yumɓunta. A ranin nan ta gina wata randa da ba ta taɓa gina irinta ba, ta aika Dogo, ba ta ce ta wa ce ba, Rakiya kuma ba ta tambaya ba.

Da damina ta zagayo Rakiya ta kwanta zazzaɓi, kafin a yanke gero ta rasu. Luba ta yi mata kukan 'yar'uwa. Sai bayan an watse daga zaman makoki ta gane abin da ta rasa ya wuce haka: yanzu duk duniya ba wanda za ta faɗa wa magana ta isa kunnen yaron nan da nauyinta.

Ƙasar kuma ta rikice a daidai lokacin. Aka yi ƙuri'ar nan ta i ko a'a kan zama da Faransa, aka rushe majalisa, aka sake zaɓe. Jam'iyyar da ta tsayar da Alkasum ta faɗi warwas. Abokansa wasu suka kwana a kaso, wasu suka tsallaka Kano da rigar jikinsu. Shi kuwa da ƙura ta lafa sai ga shi a ɓangaren waɗanda suka ci, an daina ce masa konseye ana ce masa depite, sabon sunan ɗan majalisa. Wasu suka ce ya ci amana, wasu suka ce ya yi hankali. In aka kawo zancen a gaban Luba sai ta tashi ta je duba wuta.

A Yamai kuma sai aka fara yi wa 'yan gabas kallon gefen ido. Ana cewa mutanen Damagaram jikinsu ne a nan, zuciyarsu tana Kano, in aka ba su majalisa mai iko wata rana za a wayi gari sun nannaɗe tabarmarsu sun koma Nijeriya. Duk ɗan Damagaram da ya buɗe baki kan maganar, sai a rubuta sunansa a zuci.

Zama na biyu da aka tayar da ita, Inusa ya dawo yana sosa ƙeya.

"Ya ɗaga?" in ji Zara.

"Bai ɗaga ba."

"Ya ƙi?"

"Bai ƙi ba. Ana gab da ƙirga ya tashi ya fita alwala."

"Alwala!"

"Wallahi, Inna Zara, ban taɓa ganin alwala mai tsawon wannan ba. Sai da aka tashi ya dawo yana share hannu."

Aka ɗage maganar zuwa zaman kaka, aka ce wannan karon za a yanke ta kowa ya huta. Tun daga ranar gidan Luba bai sake rabuwa da mutane ba. Magina su zo su zauna su zuba mata ido. Wata ta ce, "Luba, ɗanki ne fa." Wata ta ce, "Mu da ba mu haifi depite ba ina za mu sa kanmu?" Kuma su ɗin nan da bakinsu, in da sun ji ta kira sunansa a tsakar gida, su ne za su fara tafa hannu su kai labari bakin rijiya. Luba ta san haka, su ma sun sani. Tana jin su, tana murza yumɓu.

Ana saura kaɗan zaman kaka Alkasum ya zo gari. Da hantsi ya shigo gaisuwa, ya cire takalmi, ya tsuguna a bakin ƙofar ɗaki kamar kullum. Luba tana ciki, hannunta dumu-dumu da yumɓu. Zara, da ta kwana da shirinta, ta fito daga madafa ta tsaya a kansa.

"Mushe Alkasum, sannu da alwala."

Ya sunkuyar da kai. "Inna Zara, ina kwana."

"Ban kwana ba. Tafkin nan shi ya yi maka zanen goyo, shi ya yi kuɗin jakin da ya kai ka Dogo. Yanzu hannu ɗaya ake nema a wurinka, hannun ya yi nauyi?"

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Da ya yi magana, ba Zara yake kallo ba, labulen ƙofar yake kallo.

"Inna, kin san abin da kike roƙo? In na ɗaga hannu a wannan magana yanzu, kujerata ta tafi, wataƙila ni ma in bi abokaina. Ban ce ba zan yi ba. Zan ɗaga. Amma ita za ta faɗa mini. Ba ke ba, ba mai unguwa ba. Tun da na zo duniya ban taɓa jin ta ce 'kai' da ni ba. Gwaggo Rakiya ta tafi, ba ni da kowa a tsakani. In tafkin yana ranta, ta ce mini in ɗaga, shi ke nan."

"La ilaha illallahu! Kai yaron nan, uwarka za ka sa ta yi abin kunya da tsufanta?"

"Kalma ɗaya, Inna."

Har yau mutanen unguwar ba su daidaita kan wannan magana ba. Wasu sun ce wayo ne irin na 'yan siyasa: ya san ba za ta iya ba, ya ɗora mata kayan ya zame. Zara da ke tsaye a kansa ta ce muryarsa rawa take yi, kuma ba ta taɓa ganin namiji mai gemu yana kallon labule haka ba. Ni dai ban shiga zuciyarsa ba. Mai yiwuwa ne duka biyun suna ciki.

A cikin ɗaki Luba ta buɗe baki. Wallahi ta buɗe. Maganar tana nan a kan harshenta, gajeriya, ko yaro zai iya faɗinta. Sai ta ji kunnuwanta sun yi zafi, kamar an ce ta tuɓe zane a tsakiyar kasuwa. Abin da ta shekara arba'in tana danne shi ba ya tashi don an ce ya tashi. Ga kuma wani tunani da ya soke ta: ashe maganar farko da za ta yi wa ɗanta a duniya ita ce wadda za ta iya kai shi kaso? Ta matse yumɓun da ke hannunta har ya fito ta tsakanin yatsunta. Shi yana tsugune, rana ta bar bango ta hau kansa, bai motsa ba. Sai da aka kira azahar ya miƙe, ƙafarsa ta yi tsami har ya dafa bango.

"Gobe da hantsi zan tashi daga tasha," ya ce da Zara, ya sa takalmi ya fita.

Zara ta faɗa ɗakin kamar za ta dake ta. "Ke wace irin mace ce? Kunya za ki gina ki kai kasuwa? Ni da kaina zan toshe kunne, in rantse ban ji ba!" Luba kuwa hawaye ne kawai ke sauka kan hannunta. Da Zara ta ga haka sai ita ma ta zauna ta kama nata kukan, tana yi tana zagin Yamai da wanda ya kafa ta.

Da la'asar Luba ta sauka tafki ita kaɗai. Ta tsaya tsakanin turakun, inda ba kowa sai balbelu, ta gwada faɗin sunan. Ta kai rabi ta tsaya, ta waiwaya ko wani ya ji. Ta sake gwadawa. Kafin magariba dai ta iya haɗa maganar a hankali, ta maimaita ta har ta zauna mata a baki, ta koma gida da niyyar gobe za ta faɗa ko ƙasa za ta tsage.

Da safe ta yafa sabon mayafi ta tafi tasha, wurin da ba ta taɓa raka shi ba. Abin da ba ta lissafa ba shi ne jama'a. Depite ba ya tashi shi kaɗai. 'Yan jam'iyya sun cika wurin, ga maroƙa, ga masu neman alfarma, ga 'yan kallo. Wani maroƙi ya hango ta ya ɗaga murya, "Ga uwar depite! A ba ta hanya! Mai kunya 'yar masu kunya!" Jama'a suka dare, aka bar ta ita kaɗai a fili, ido ya yi mata caa.

Alkasum ya riga ya sa ƙafa ɗaya a mota. Da ya gan ta ya sauke, ya tsaya riƙe da ƙofa. Tsakaninsu bai fi tsawon tabarma ba. Ta ga takalminsa, don iyakar inda idonta ya iya kaiwa ke nan. Da su biyu ne, da wataƙila. Amma ga dattawan Birni, ga surukan 'ya'yanta, ga maroƙin yana ta jero kakanninta mata da irin kunyarsu. Maganar da ta kwana tana riƙo ta narke. Ta juya wajen direba.

"Inusa," ta ce, "ka tafi da su a hankali. An ce hanya ba kyau."

"To, Iya."

Alkasum ya ƙara tsayawa kaɗan, hannunsa a kan ƙofar. Sannan ya shiga ya rufe.

Da Inusa ya dawo daga wannan tafiya sai da ya yi kwanaki yana zagaye unguwar ta bayan gari. Zara ce ta kamo shi a bakin masallaci ta jawo shi har gida. Ya ƙi zama kan turmi, ya tsaya daga zaure.

"An ce wa ya yarda, bai ɗaga ba. An ce wa bai yarda ba..." Ya dubi ƙasa. "Bai yi sauri ba, Iya. Shi ne na ƙarshe. Amma an ƙirga da shi."

"Da ya ɗaga mana, da ta wuce?" Luba ce ta tambaya, kuma shi ne karo na farko da aka ji ta sa baki a zancen a gaban mutane.

"Allah kaɗai ya sani. Hannu ɗaya ba ya kayar da majalisa. Sai dai na ga wasu 'yan gabas suna satar kallonsa, shi suke jira su ga inda zai yi."

Da ma bai faɗi wannan na ƙarshen ba.

Ruwa na ja baya aka kawo 'yan kaso da kwanduna, kamyo yana juye duwatsu da ɓaraguzai. Gardin da ke tsaronsu mutumin kirki ne, ya kau da kai ya bar magina suna haƙa ta wannan gefe ana cikewa ta wancan. Tsofaffi da masu ciki da masu goyo, kowa kwando a ka, ana tsere da kamyo. Luba ta tara yumɓu a bayan ɗaki har ya kai rabin bango, ta rufe da tsofaffin tabarmi. Amma tafki ba ya shiga bayan ɗaki. Kafin bazara wurin ya zama fili shimfiɗaɗɗe, aka tumɓuke turakun aka tafi da su.

Ta gwada ƙasar wani kwari a hanyar Droum, ta gina tukwane, ta jera su, ta sa wuta. Tana tsaye tana jin su suna fashewa ɗaya bayan ɗaya. Magina suka watse, wasu suka koma kaɗi, wasu sayar da ƙuli-ƙuli. Luba ta rayu shekaru masu dama bayan haka, kuma ba ta yi yunwa ba, don duk wata buhun gero yana isowa daga depite ta hannun Inusa. Sai dai hannunta ya yi laushi, abin da ta ce bai taɓa yi ba tun tana yarinya, kuma takan zauna da hantsi ta rasa inda za ta ajiye shi.

Amma in tsofaffin unguwar suna zancenta, ranar bikin 'yancin kai suke tunawa. A daminar shekarar da aka cike tafkin ne, kuma da aka nemi fili mai faɗi ba a samu wanda ya kai sabon filin nan na bayan ganuwa ba. Aka kafa rumfa, aka ɗaga sabuwar tuta, 'yan lakwal suna waƙa, makaɗa suna ta yi. Maƙwabta suka zo suka ce uwar depite ba za ta zauna a gida ba. Ta ce ba ta jin daɗi, suka ce ko a kan jaki ne sai ta je. Aka shimfiɗa mata tabarma a sahun gaba na mata. Ta dubi duwatsu ta dubi ganuwa, ta gane a daidai inda take zaune nan ne raminsu ita da Zara.

Alkasum ya hau ya yi jawabi da faransanci, ya juya da Hausa. Ya ce daga yau ikon ƙasa ya dawo hannun 'ya'yanta, ba wanda zai sake yanke mana hukunci daga nesa. Aka yi tafi, aka yi guɗa. Da ya sauko, maimakon ya koma rumfar manya sai ya ratso jama'a ya nufo wajen mata. Ya cire takalmi a gaban kowa, da babbar rigarsa ya tsuguna a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa a bakin tabarmarta. Ya rame, furfura ta fito masa a gefen kunne. Ya yi ƙasa da murya yadda daga ita sai Zara za su ji.

"Iya, na tsaya a tasha. Na jira ku."

Luba ta ja mayafi ta rufe bakinta, ta juya fuska gefe. Kafaɗunta suna rawa. Matan da ke bayanta suka ga depite guda a tsugune, uwarsa ko kallonsa ba ta yi ba, abin ya burge su ƙwarai.

"Kai, Luba akwai kunya!" in ji wata. "Dubi, ko a rana irin ta yau."

"Irin matan da ke nan," wata ta amsa. "Ku 'yan mata ku buɗe ido ku koya."

Wata ta rangaɗa mata guɗa a kan kunne, sauran suka ɗauka. Alkasum ya ƙara jira kaɗan, sannan aka zo aka ce ana nemansa a rumfa, ya miƙe ya tafi da laka a gwiwar rigarsa. Zara, da ba a taɓa rufe mata baki ba, sai ta matso kusa. Ta laluba ƙarƙashin mayafin ta kamo hannun Luba ta riƙe, ana ta guɗa a kansu.